Ganuwar Kano da Jerin UNESCO: Abin Yi da Abin Bari

Tun 2007 ganuwar Kano, tare da Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi da fadar Sarki, take cikin jerin jiran da Najeriya ta miƙa wa UNESCO. Wurare biyu ne kacal ƙasar ta samu suka shiga cikakken jerin kayan gadon duniya: Sukur ta Adamawa a 1999, da kurmin Osun na Osogbo a 2005. Agadas ta Nijar kuwa ta shiga a 2013, da gine-ginenta na ƙasa da hasumiyarta mai tsawon mita 27. Mahukunta, masarauta, masu unguwanni da dillalan filaye, in da gaske kuke, ga sharuɗɗan.

Kada ku ɗauki shiga jerin a matsayin lambar yabo. Alkawari ne. Yarjejeniyar UNESCO ta 1972 ta ɗora nauyin kula da wuri a wuyan ƙasar da ke da shi, kuma asusun UNESCO bai taka kara ya karya ba in an raba shi ga wurare fiye da dubu. Duk mai jiran a turo daloli kafin ya ɗauki kwandon ƙasa, ya sake lissafi.

Ku daina yanka filoti a jikin badala. Yau, ba gobe ba. A daina haƙar ƙasarta ana yin tubali, a daina jingina mata shaguna, a daina mayar da gindinta juji. Masanan ICOMOS da za a aiko a madadin UNESCO, abin da ke tsaye a ƙasa za su duba. Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen ƙarni na 12, haka ne, amma labarin Gijimasu ba ya maye gurbin bango.

Kada ku gyara ginin ƙasa da siminti. Nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitar da shi. Siminti kuwa yakan kulle danshin a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, sai wata damina ya zube gaba ɗaya alhali fuskarsa sumul. Abin da yake so shi ne yaɓe a kan kari, da makuba, da indararo mai aiki, da sabuwar azara in tsohuwar ta lalace. Ku nemi Sarkin Magina da mutanensa, ku biya su kamar yadda kuke biyan injiniya, ku ba su yara su koya. Mutanen Jenne a Mali duk shekara suke fitowa ƙwai da kwarkwata su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa yake tsaye.

Kada ku rushe ƙofa ku gina sabuwa da bulo ku ce kun adana tarihi. An yi wa Ƙofar Na'isa haka a 2010 don faɗaɗa titi. Titin ya samu, ban musa ba. Amma kwamitin UNESCO yana tambayar asali, kuma sabon gini mai tsohon suna ba ya amsa wannan tambaya.

Ku shata iyaka a taswira, ku ware filin kariya kewaye da ita, ku sa shi a doka.

Ku sanar da kwamitin kafin ku fara babban aiki kusa da wurin. Mai ganin wasa ne ya dubi waɗanda aka kora. Oman ta zaftare kashi 90 cikin ɗari na gandun da ta keɓe wa mariri, aka goge sunan a 2007. Dresden ta Jamus ta fara gina gada a kan kogin Elbe, aka cire ta a 2009. Liverpool ta Ingila ta cika bakin ruwanta da sababbin gine-gine, ta fita a 2021. Wanda bai ɗaga wa Jamus ƙafa ba, ba zai ɗaga wa Kano ba.

Kada ku kori mutane don ku tsaftace wa baƙi wuri. Sukur ta shiga ne saboda fadar Hidi da gonakin da aka tsara a jikin dutse da al'adar da ke raye a cikinsu. Karofin Ƙofar Mata ba tare da marina ba ramuka ne kawai.

Kada ku zaci sunan UNESCO zai tsare harsashi. Gandun Ayar da Tenere a Nijar ya shiga jerin a 1991, shekara guda bayan haka tawaye ya jefa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Boko Haram ta kai wa Sukur hari a 2014. A Tumbuktu, 'yan Ansar Dine sun farfasa hubbaren waliyyai a 2012, kuma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure ɗaya daga cikinsu, Ahmad al-Faqi al-Mahdi, shekara 9 a 2016.

Saboda haka ku auna, ku zana, ku ɗauki hoton kowane taku na abin da ya rage, ku ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Hubbaren Tumbuktu sun sake tashi a 2015 domin akwai tsofaffin hotuna da bayanai, akwai kuma maginan garin da suka gaji aikin. Ku fara da sassan badalar da suka fi zaizayewa, kafin damina mai zuwa.