Zarton Ado Ba Ya Son Gaggawa

'Ya'yana, na ga wasunku sun fara sha'awar yanka ado a jikin katako da ɗan siririn zarton nan mai hawa da sauka, kuma abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Aiki ne mai tarihi. A Ingila, zamanin Sarauniya Biktoriya, magidanta kan zauna da yamma suna fitar da furanni da ganyaye a siraran katako, su yi gidan agogo ko firam ɗin hoto. A shekarar 1895 aka fara buga mujallar Hobbies ta mako-mako, wadda wani kamfani a garin Dereham ya riƙa fitarwa da zanen da mai karatu zai yanka. Injinan wancan lokaci da ƙafa ake taka su kamar keken ɗinki, don haka kada rashin wuta ya karya muku gwiwa. Ko zarton hannu ma yana biyan buƙata.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, kada ku danna katako da ƙarfi. Zarton nan siriri ne, kuma yankan nasa ne, ba naku ba. Ku dai aikinku ku riƙe katakon da hannu biyu a kan teburi, ku juya shi a hankali yana bin layi. Da zarar kun matsa masa, zai lanƙwashe, yankan ya karkace, ko ya tsinke gaba ɗaya. In kun ji warin ƙuna, ko kun ga gefen ya yi baƙi, to ko kun yi sauri ko haƙoran sun dakushe. Ku tsaya ku canza, ba asara ba ce. Haƙoran su kalli ƙasa, kuma ku ɗaure zarton ya miƙe sosai, yadda in kun taɓa shi da yatsa zai yi ƙara siririya.

Kowane rami na cikin zane sai an huda shi tukuna, a kwance zarton, a zura ta hudar, a sake ɗaurewa, sannan a yanka. Zane guda na iya samun irin waɗannan ramuka fiye da ɗari. A nan ne yawancin matasa ke gajiya, kuma ni a ganina a nan ne ake zama gwani. Ku fara da ramukan tsakiya, ku bar zagayen waje sai ƙarshe, domin katakon ya kasance da ƙarfinsa muddin kuna aiki. Ku lura da 'yan siraran mahaɗan da ke riƙe zanen. Guda ɗaya in ya karye, aikin yini ya tafi.

Kada ku fara da madaci mai tsada. Ku nemi filawud mai kaurin milimita 3 zuwa 6, wanda ake liƙa shi falle-falle a giciye, shi ya sa ba ya saurin tsagewa. Ku rufe hanci da baki, don Allah, ƙurar nan tana taruwa a huhu ba tare da mutum ya sani ba. Wanda hannunsa ya faɗa a kan ganye da fure, sai ya gwada dagin Arewa.