Mayen Ƙarfe da Wutar Lantarki

A bana mu ƴan aji shida mun zaɓi mu yi bayani kan maganaɗisu, wato abin nan da muke cirowa daga lasifikar tsohuwar rediyo, muke ce masa mayen ƙarfe.

Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, arewa da kudu. In ka haɗa arewa da kudu sai su manne. In ka kusanta arewa da arewa kuwa, ko ka danna da ƙarfi sai sun ture juna. Ko ka karya shi biyu, kowane ɓari zai sake samun kai biyu nasa. Kuma ba kowane ƙarfe yake ja ba: yana jan ƙusa da allura, amma ba ruwansa da zinariya ko azurfa ko tukunyar alminiyom. Ita ma duniya babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa, har mu gane alƙibla in muna tafiya.

To ina haɗinsa da kuran? A 1820 wani malami ɗan ƙasar Danmak, Oersted, ya lura cewa in lantarki na bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa sai ta karkata. Ashe wayar da wuta ke gudu cikinta tana zama maganaɗisu. Kuna iya gwadawa: ku samo babbar ƙusa, ku naɗe ta da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufi kamar sau arba'in, ku taɓa bakunan wayar biyu a kan pil ɗin tocila. Ƙusar za ta ɗauki allura. Da kun janye wayar, yawancin ƙarfin ya tafi. Ƙara naɗi, ƙara ƙarfi. Amma kada ku daɗe, don wayar tana zafi, kuma don Allah kada wani ya gwada da wutar bango. Wannan kisa take yi.

A 1831 Faraday na Ingila ya juya zancen. Ya nuna in ka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta na samuwa a cikin wayar. Sharaɗin shi ne motsi. In ka ajiye shi tsaye, ba abin da zai fito. A ganinmu nan ne darasin ya fi daɗi, don shi ne sirrin dinamon keke da janareta. A madatsar Kainji ta Nijeriya, wadda Yamai ke samun wuta daga gare ta, ruwan kogin Kwara ne ke juya injin.

Fanka kuma akasin haka take: ana ba ta wuta, naɗin wayar cikinta ya zama maganaɗisu, sai ta juya. In naɗin ya ƙone, mai gyara zai kwance shi ya sake sabo, yana ƙirga zagayen ɗaya bayan ɗaya don kada ya rage ko ya ƙara.