Karen farauta da ƙwallo: yadda za a yi wasan ba tare da asara ba

Da damina ta sauka a Basirka da ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, farauta takan tsaya, kowa ya koma gona. Karen da ya saba keta daji tun asuba sai ya wayi gari ɗaure a gindin bishiya. Daga nan ɓarna ke farawa: ya bi kaji, ya kori awakin maƙwabta, ya tona gindin danga. Mai shi ya ɗauki sanda, alhali ba mugunta ba ce, ƙarfi ne ya taru bai sami mafita ba.

Babbar ƙwallo tana maganin wannan, amma fa sai an kiyaye.

Girmanta shi ne kan gaba. Duk ƙwallon da za ta shige bakin kare gaba ɗaya tana iya zarcewa maƙogwaro ta shaƙe shi cikin 'yan mintuna, tun ba a kai ga likita ba. Ƙwallon ƙafa ta manya, mai lamba 5, kewayenta santimita 68 zuwa 70 ne, ta fi ƙarfin bakinsa. Sai dai ya tura ta da hanci da ƙirji, ya bi ta a guje, kuma gudun ake nema.

Inda na fi jin tsoro shi ne bayan ta fashe. Fiƙar kare ba ta daɗewa take huda fata. Da iska ta fita zai kwanta ya danne ta da ƙafafun gaba, ya dinga yagar ta yana haɗiye guntaye. Fata da roba ba sa narkewa a ciki, suna iya toshe hanji. Tamaular yara ta tsumma da leda ta fi haɗari, domin zare kan tattare hanji har ya yanka shi. Idan ka ga yana ta amai, ya ƙi abinci, kashi ya tsaya, kada ka tsaya ɗura masa manja. Nemi likitan dabbobi a ranar, wani lokaci sai an yi tiyata. Saboda haka kana wurin ake wasan, ana gamawa ka ɗauke ƙwallon.

Sai zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake huce jikinsa, kuma mai zafin nama ba ya sanin ya gaji. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi wasan da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, minti 10 zuwa 15, da ruwa a kasko. In harshe ya zazzago, dalala ta yi kauri, yana tangaɗi, kai shi inuwa ka jiƙa masa jiki.

A zaɓi fili nesa da babban titi, wanda ba tsidau ko fasasshiyar kwalba. A riƙa duba hancinsa, yashi na goge shi har ya yi jini. Kwikwiyon da ƙashinsa bai yi ƙwari ba, a sassauta masa.

Ƙwallon kare daban, ta yara daban, kuma kada yaro ya yi ƙoƙarin ƙwace ta a bakinsa, a nan cizo ke faruwa. Don Allah, kafin komai a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka tun yana wata 3, a kuma maimaita kowace shekara.