Agogon Jiki da Tsarin Karatu a Gida: Darasi daga Yankin Garun Malam

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2020 aka rufe makarantun Nijeriya saboda annobar korona, ɗalibai suka shafe watanni a gida. Iyaye da yawa sun gane a lokacin cewa samun littafi bai kai tsara lokaci wuya ba. A makaranta ƙararrawa ce ke raba yini, amma a gida babu mai buga ta. Wannan matsala ba ta wuce da annobar ba, domin tana dawowa a duk dogon hutu, tana kuma tare da yaran da ke karatu a gaban iyayensu, da masu shirin jarrabawar WAEC ko NECO daga gida. Tambayar ita ce: wane karatu ya dace da wace sa'a? Ilmin halittu yana da amsa, kuma amsar tana cikin jikin ɗalibin.

Yankin da ba ya hutun rani

A mafi yawan ƙasar Hausa, manomi yakan sarara bayan kaka. A Garun Malam da Kura da Bunkure abin ya sha bamban. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke bin manyan magudanai zuwa gonakin Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Da damina shinkafa ce ta fi yawa, da rani kuwa tumatir da albasa da alkama da masara. A lokacin tumatir, kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya takan cika da kwanduna da manyan motoci.

Saboda haka yaron wannan yanki ba ya rasa aiki: ban ruwa, dashe, tsinkar tumatir, korar jan-baki daga shinkafa. Abin da yakan faru shi ne a bar wa karatu ragowar lokaci, wato dare, bayan jiki ya gaji liƙis. Wannan shi ne kuskuren da ya kamata tsarin gida ya gyara.

Mene ne agogon jiki?

Duk wanda ya lura da gyaɗa ko tsamiya ya san ganyensu yakan rufe da dare, ya buɗe da safe. A 1729 wani masanin taurari ɗan ƙasar Faransa mai suna de Mairan ya ajiye wani tsiro mai irin wannan hali a cikin duhu, sai ya tarar ganyen ya ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci, alhali bai ga rana ba. Wannan ya nuna cewa akwai wani abu a cikin halittar da ke ƙirga lokaci. A 2017 aka ba wasu masana 3 na Amurka, wato Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda bayyana yadda ƙwayoyin gado ke tafiyar da wannan agogo. Sun yi bincikensu ne a kan ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace.

Babban agogon ɗan Adam yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu suka gitta juna. Curi ne na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Idan aka bar shi ba tare da ganin rana ba, zagayensa yakan haura awa 24 da 'yan mintoci, don haka hasken safiya ne ke saita shi kullum ta hanyar ido. Idan duhu ya yi, sai ya sa a saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shirya jiki don barci. Gab da wayewar gari kuma sinadarin kotizol yakan ƙaru a jini, zafin jiki ya fara hawa, mutum ya farka.

Daga nan kuzarin tunani yakan hau har zuwa walaha. Tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana yakan faɗi, ko an ci abinci ko ba a ci ba, sannan ya sake tashi da yamma. A watan Afrilu, lokacin da zafi a Kano yakan kai awo 40 a ma'aunin Salshiyos, wannan kasala ta tsakar rana takan tsananta.

Barci da hadda

Abubuwa biyu ne bincike ya tabbatar game da yadda karatu ke zama a ka. Na farko ya fito daga Hermann Ebbinghaus na ƙasar Jamus, wanda ya buga sakamakon gwajinsa a 1885. Ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya ga cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka rarraba cikin kwana 3 ya yi daidai da maimaici 68 a zama ɗaya. Wato karatu kaɗan-kaɗan kullum ya fi na dare ɗaya albarka.

Na biyu ya shafi barci. A 1924 Jenkins da Dallenbach na Jami'ar Cornell a Amurka suka gwada ɗalibai 2. Sun tarar idan ɗalibi ya haddace abu ya kwanta, yakan tuna fiye da idan ya haddace ya ci gaba da hidimar yini na tsawon sa'o'i iri ɗaya. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa a lokacin barci ƙwaƙwalwa tana maimaita abin da aka koya, tana adana shi. Ɗalibin da ya kwana karatu ranar jajiberin jarrabawa ya hana ƙwaƙwalwarsa wannan aiki ke nan.

A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 ya sami barcin awa 9 zuwa 12 a cikin awa 24, mai shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Har ila yau, idan yaro ya fara balaga, agogonsa yakan ja baya, melatonin ya makara wajen fitowa. Shi ya sa ɗan sakandare yake jin wuyar barci da wuri, yake kuma nauyin tashi. Ba kullum ne lalaci ba. Hasken waya da dare yana ƙara wannan jinkiri, hasken safiya kuwa yana rage shi.

Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Tun kafin waɗannan gwaje-gwaje, malaman allo sun raba karatu gida uku: na asuba, na yamma, da na dare a bakin wuta. Ana biya wa almajiri ɗan abin da zai iya ɗauka, ya yi ta maimaitawa, ba zai wanke allo ba sai ya zauna masa. Ana yin tilawar baya don kada ta zube, ana kuma hutawa Alhamis da Juma'a. Idan aka duba da kyau, wannan shi ne rarraba maimaici da Ebbinghaus ya auna, tare da bita kafin barci. Inda ake buƙatar gyara shi ne yawan barci, domin yaron da ya kai ƙarfe 11 na dare yana karatu, ya kuma tashi ƙarfe 5, awa 6 kawai ya samu.

Tsarin yini na gidan manomi

Ga misalin da iyali za su iya ɗauka su gyara daidai da halinsu. An jingina shi da lokutan salla, domin su ne ƙararrawar da kowane gida ke ji.

1. Bayan asuba zuwa fitowar rana: tilawa da maimaita haddar jiya, a tsakar gida inda haske zai shiga ido. Jiki bai gama wartsakewa ba, don haka ba a fara sabon lissafi a nan.

2. Ƙarfe 7 zuwa 9: karin kumallo, sannan aikin gona ko na gida da sanyin safiya.

3. Ƙarfe 9:30 zuwa 12: darasi mafi wuya, kamar lissafi da kimiyya da Turanci. Ɗan sakandare ya yi zaman minti 40 sau 3 da ɗan hutu a tsakani, ƙaramin yaro kuma minti 20.

4. Azahar zuwa ƙarfe 3: abinci da ƙailula. Minti 20 zuwa 30 ya ishi babba, yaro ƙarami yana iya ɗarawa.

5. Bayan la'asar: Islamiyya, ko komawa gona, sannan wasa.

6. Magariba zuwa lisha: bitar abin da aka koya da hantsi. Ɗalibi ya rufe littafi ya faɗa da ka, ko ya koya wa ƙanensa.

7. Kwanciya: ƙanana da ƙarfe 8:30, manya kada su wuce 9:30. A ajiye waya tun bayan lisha.

Ya wajaba tsarin ya haɗa da 'ya'ya mata. Idan wanke-wanke da talla suka cinye wa yarinya hantsi, an ɗauke mata sa'o'in da suka fi amfani, don haka a raba aikin gida tsakanin yara duka.

Cuta ma tana da agogo

Akwai dalilin lafiya da ya sa aka keɓe tsakar rana don hutu a gida. Tsargiya, wadda alamarta ita ce fitsarin jini, tana yaɗuwa a wuraren noman rani. Tsutsarta tana girma a jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zaune a magudanan ruwa, kuma 'ya'yan tsutsar sun fi fitowa cikin ruwa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara wanka. Suna huda fata su shiga jiki. Yaron da ya kamu yakan rasa jini, ya yi ta kasala a wajen karatu, sai an kai shi asibiti ya sha magani. Haka kuma sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, saboda haka kwanciya da wuri a cikin gidan sauro riba biyu ce.

Sauyi bisa yanayi

Da hunturu, lokacin da rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe 7, ana iya tsawaita tilawa a jinkirta fita gona. Da bazara a matso da babban darasi zuwa ƙarfe 9 kafin ɗaki ya ɗau zafi. Idan shinkafa ta fitar da kai, jan-baki sun fi sauka da safe da yamma, don haka yara su yi karɓa-karɓa wajen gadi. A ranar tsinkar tumatir ko ranar zuwan ruwa gona, a rage karatu zuwa minti 30 maimakon a soke shi. Abin da ba a taɓawa shi ne lokacin kwanciya da na tashi, domin su ke riƙe agogon.

Kammalawa

Gidan da ba shi da lantarki ko tebur yana iya bin wannan tsari, tunda abin da yake buƙata shi ne a ba darasi mai wuya hantsi, a ba bita dare, a kuma cika wa yaro barcinsa. Hausawa sun ce da safe ake kama fara.

Aikin gwaji

1. A shuka gyaɗa a gwangwani 2. Idan ta yi ganye, a sa ɗaya a cikin akwati mai duhu na kwana 3. A riƙa leƙawa da safe da rana da dare, a rubuta halin ganyen kowanne.

2. Kowane ɗalibi ya rubuta lokacin kwanciyarsa da na tashinsa har kwana 7, ya fitar da matsakaici, ya kwatanta da adadin da aka ambata a sama.

3. Malami ya ba rabin aji kalmomi 15 su haddace da safe a tambaye su da yamma, sauran su haddace da dare a tambaye su da safe. A tattauna sakamakon a aji.