Darasin Makanikanci: Sa wa Motar MGB Ƙafafun Gaba Masu Daidaituwa

A wani gari da ake kira Abingdon, kusa da Okusfod a ƙasar Ingila, aka yi ta ƙera wata 'yar mota mai mazaunin mutum biyu, sunanta MGB, tun daga 1962 har 1980. An ƙera fiye da 500,000. An daina ƙerarta, amma har yanzu akwai masu riƙe da ita a Ingila da Amurka, suna sāke mata inji da taya da birki don ta yi gudu fiye da yadda maƙeranta suka nufa. To, duk wanda ya ƙara wa mota gudu bai taɓa ƙafafunta na gaba ba, ya sa ransa cikin hatsari. Wannan mota ta dace da darasi domin kayan ƙafarta duk a fili suke, ana iya nuna kowane da yatsa.

Ga yadda ƙafar take. Akwai wani ƙaton ƙarfe da ya gitta ƙarƙashin inji, an ɗaure shi a jikin mota da ƙusoshi huɗu. Daga kowane gefensa hannuwa biyu sun fito, na sama da na ƙasa. Hannun ƙasa yana ɗauke da wani faranti, bisa farantin kuma sifirin yake zaune. Hannun sama kuwa abin mamaki ne, don shi ne kuma hannun shakazoba, irin ta dā mai mai a ciki. Tsakanin bakunan hannuwan nan biyu akwai sandar ƙarfe a tsaye, kimfin, wadda taya ke juyawa a kanta in an murza sitiyari.

Ku lura da kusurwa uku, don darasin duka a kansu yake. Ta fari Turawa na ce mata kamba, watau jinginar taya in ka tsaya gaban mota kana dubanta: ko kanta ya karkata waje, ko ya karkata ciki. Ta biyu kasta, watau kwanciyar kimfin zuwa baya in ka duba daga gefe. Kowa ya san ta a jikin keke: ƙahon gaba ba a tsaye cak yake ba, ya kwanta baya, shi ya sa yaro ke iya sakin hannu keke ya miƙe da kansa. Ta uku ita ce kallon juna, watau yadda goshin tayoyin biyu ya ɗan matso kusa fiye da bayansu.

Maƙeran MGB sun ba ta kasta digiri 7, da kamba wajen digiri 1 zuwa waje, da kallon juna tsakanin 1/16 da 3/32 na inci. Cikin ukun nan, na ƙarshe kaɗai suka bar wa makaniki hanyar daidaitawa. Ba ganganci suka yi ba. An tsara motar ne domin tayar zamanin, siririya, mai zaren da ke gicciye da juna. Tayar yau irin ta radiyal ce, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, kuma masu gyara suna sa mai faɗi. Irin wannan taya tana son tafinta duka ya kwanta a ƙasa. In mota ta shiga kwana da gudu, jikinta yakan rinjaya waje, tayar da ke waje ita ma ta kwanta, ga shi dā ma kanta a waje yake. Sai ta koma tafiya bisa gefe guda, gaban mota ya ƙi bin kwana ya nufi daji. Kasta digiri 7 kuma, da faffadar taya, kan sa sitiyari ya yi nauyi ƙwarai wajen ajiye mota.

Maganin kamba iri biyu ne. Akwai hannuwan ƙasa da aka ƙera sun ɗan fi na asali tsawo, suna tura gindin taya waje, kanta ya komo ciki. Akwai kuma bushi na bakin hannun sama wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, in an juya shi sai kan kimfin ya matsa ciki ko waje. A ganina na biyun ya fi amfani ga tsohuwar mota, domin da wuya a sami wadda ta shekara hamsin gefenta biyu suna daidai, kuma bushin na ba da damar a gyara kowane gefe dabam.

Kafin a taɓa sifana, a auna. A tsai da mota a daɓe mai lebur, iskar tayoyi daidai, a rubuta tsayin kowane gefe daga tsakiyar wili zuwa bakin mudugadi. Kamba ba ta bukatar na'ura mai tsada. A rataya zare mai darma a gefen wili, a auna daga zaren zuwa bakin wili na sama, a kuma auna zuwa na ƙasa. Wilin MGB inci 14 ne, daga baki zuwa baki kamar inci 15, saboda haka bambancin rubu'in inci ya yi kusan digiri 1.

Sa'an nan a ɗaga mota a ɗora ta bisa ƙarafan tallafi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yanzu mun zo wurin da ake rasa yatsu, har da rai. Sifirin ɗin nan a matse yake ko da taya tana lilo a sama, kuma ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya karya muƙamuƙin mutum. Sai a sa abin matse sifirin, ko a kafa babban jak ƙarƙashin faranti ya karɓi nauyin, kāna a kwance ƙusoshi huɗu da suka haɗa faranti da hannun ƙasa, a sauke jak a hankali har sifirin ya saki sarai. Dabarar jak tana aiki ne in inji yana cikin mota. In an fid da inji, babu nauyin da zai danne, jak sai ya ɗaga motar duka, sifirin yana nan da ƙarfinsa. Mai aiki ya tsaya a gefe, kada ya sa fuskarsa a saitin faranti. Kan birki kuma, in an kwance shi, a ɗaure shi da waya, kada a bar shi yana reto a jikin tiyonsa.

In sifirin ya fita, sauran aikin kwancewa ne da mayarwa. A duba kimfin: in yana girgiza, a sāke shi tukuna, don ba a daidaita kusurwa a kan ƙarfen da ya ci. A sa sababbin hannuwa da bushinsu, a mai da sifirin da faranti, a ɗura giris. Amma notin bushin roba na ciki kada a ƙulle su tam sai mota ta sauka bisa tayoyinta. In an ƙulle su tana sama, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta yage. Kowane noti mai tsaga a sa masa sabon fil.

Mai son rage kasta yakan cusa wasu ƙarafa masu siffar weji tsakanin ƙarfen gicciye da jikin mota, su rage wajen digiri 3. Sai dai rak ɗin sitiyari a kan ƙarfen nan yake zaune, in ƙarfen ya karkata shi ma ya karkata, ya bar saitin sandar sitiyari. Dole a yi masa ciko har su sāke haɗuwa ba tilas, in ba haka ba sitiyari zai riƙa cijewa.

Daidaitawa tana da jeri, kuma ba a tsallake shi: tsayin mota, sa'an nan kasta, sa'an nan kamba, kallon juna a ƙarshe, domin kowane na gaba yana motsa na bayansa. Wannan ya fi shafar motocin da aka ƙera daga 1974, masu bambar roba, waɗanda aka ƙara wa tsayi saboda dokokin Amurka. Masu su sukan sa gajeren sifirin su sauke su, kamba kuwa ta sāke nan take. Bayan kowane gyara a danna gaban mota sau biyu ko uku, a tura ta gaba kaɗan, kāna a auna. Don tafiyar titi, jinginar ciki ta rabin digiri zuwa digiri 1 ta isa. Masu tsere sukan wuce haka, su kuwa ba su damu ba in gefen taya na ciki ya cinye cikin mako kaɗan.

Dogon hannun ƙasa yakan tura ƙafa waje, saboda haka sai an ƙara wa tairod tsawo. A juya na dama da na hagu daidai wa daida don sitiyari ya zauna a tsakiya, a kuma ƙidaya haƙoran da suka rage cikin kan tairod. In kaɗan suka rage, a sayi kai mai tsawo. Tairod da ya zare a kan hanya ya raba direba da tayarsa ke nan.

Akwai kuma maganar hukuma. A Ingila, tun 2018, motar da ta wuce shekara 40 an ɗauke mata gwajin shekara shekara, sai fa in an yi mata babban canji, kuma sāke irin tsarin ƙafa yana cikin abin da ake dubawa. Kamfanin inshora ma wajibi ne a sanar da shi.

Bayan tafiyar mil ɗari ko kusa, a sāke bin ƙusoshi duka da sifana, musamman huɗun da ke riƙe da shakazoba, a sāke awo. Ga aiki ga 'yan ajin lissafi: an rataya zare a wili mai inci 15 daga baki zuwa baki, an sami inci 2 da 3/8 a sama, inci 2 daidai a ƙasa. Ina kan tayar ya karkata, digiri nawa ne, kuma wannan mota ta titi ce ko ta filin tsere?