Kafin ka cire strncpy() daga direban Linux

Kwanaki wani ɗalibina ya kawo mini gyaran da ya yi wa direban katin sadarwa na Linux. Duk inda ya ga strncpy() ya goge, ya sa strscpy(). Niyyarsa mai kyau ce, amma na ce masa ya dakata tukuna.

Tsofaffin hanyoyin kwafar rubutun nan kam lokacinsu ya wuce. strcpy() ba ruwanta da girman mazubi, zubawa take yi har ya tumbatsa ya ɓata abin da ke kusa. strncpy() kuwa, idan rubutu ya cika mazubin, ba ta sa sifilin ƙarshe da ke nuna inda rubutu ya tsaya, sai mai karantawa ya zarce cikin ƙwaƙwalwar da ba tasa ba. strlcpy(), wadda aka aro daga OpenBSD, an fitar da ita daga kanel a sigar 6.8, a 2024. Ita kuwa strscpy(), da ta shigo a 2015, tana rufe rubutu da sifili, idan ya yanke kuma ta dawo da -E2BIG.

To ina gizo ke saƙa? strncpy() tana cike ragowar mazubi da sifili, strscpy() ba ta yi. A ce mazubi mai bayit 32 ne, ka zuba sunan eth0. Haruffa 4, sifili 1, saura bayit 27 suna nan da duk abin da kanel ya bari a wurin. Idan ba a share tsarin da mazubin ke ciki ba kuma aka miƙa shi ta copy_to_user(), ka fallasa sirrin kanel da hannunka. Nan strscpy_pad() ake so.

Wani mazubin ma ba ya son sifilin ƙarshe, kamar gurbin suna mai ƙayyadadden tsawo da na'ura ke karantawa. Yi masa alamar __nonstring, ka yi amfani da strtomem_pad().

Ka kuma duba inda ake amfani da amsar. Layin da ke ƙara amsar strlcpy() a kan manuni, idan ka sauya ta da strscpy() ba dubawa, ranar da rubutu ya yanke zai ja da baya bayit 7, don ƙimar E2BIG ke nan.

Ɗan'uwa, bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta dalilin zaɓinka a bayanin gyaran kafin ka aika wa mai kula da direban.