Wurare Biyar Da Bahaushe Ke Tuntuɓe Cikin Rubutun Ingilishi

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mu da mu ke koyon aikin malanta, ran da aka gama da mu aka rarraba mu garuruwa, ba yara kaɗai za su dogara gare mu ba. A wurare kamar Karaye da Rogo, can yamma da Kano, malamin makaranta shi ne magatakardan unguwa. Mai neman aiki, da mai kai kuka ofis, da mai son a rubuta masa shaidar bashi, duk wurinsa za su nufa. Ga kuma baƙi, domin sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla, ƙasar Karaye, da yawa daga cikinsu kuwa ba harshen da ya haɗa mu da su sai Ingilishi.

To, in mun duba kurakuran da mu ke yi, sai mu ga yawancinsu ba na rashin basira ba ne. Hausa ce mu ke ɗauka mu sa mata rigar Ingilishi. Wanda ya san inda harsunan nan biyu suka raba hanya, ya rage wa kansa wahala. Ga wurare biyar.

Na farko, babban baƙi. Wanda ya fara da allo bai saba da shi ba, don Larabci da ajami ba su da shi. Amma ku duba, ko cikin boko, in mutum ya rubuta "na sayi rogo" abinci ya saya, in ya rubuta "na sayi Rogo" kuwa ya sayi gari sukutum da mutanensa. Haka Ingilishi ya ke. "May" watan Mayu ne, "may" kuwa kalmar neman izini ce. Sunan mutum, da na gari, da na rana, da na wata, da na harshe, duk da babban baƙi su ke farawa, haka kuma "I" ko'ina ta faɗo.

Na biyu, 'yan ƙananan kalmomin nan "a" da "the". Kada mu ce Hausa ba ta da irinsu. In mun ce wani manomi ya zo, ba a san shi ba tukuna, shi ne "a farmer". In mun ce manomin ya zo, an riga an ambace shi, shi ne "the farmer". Bambancin dai shi ne, Hausa ta yarda a ce "na ga manomi" kawai, Ingilishi kuwa bai yarda da "I saw farmer" ba, lalle sai an sa ɗayansu. Sunan gari ba ya ɗaukar ko ɗaya, ba a cewa "the Karaye", amma sunan kogi yana ɗauka, sai a ce "the River Challawa". Abin da ba ya ƙirguwa ɗaya ɗaya, kamar "water" da "maize" da "advice", ba a sa masa "a".

Na uku, wakilin suna. A Hausa kowane abu namiji ne ko tamace, garuruwa kuwa mata ne, shi ya sa mu ke cewa Rogo tana da kasuwa. A Ingilishi "he" da "she" na mutane ne, gari da kasuwa da kujera duk "it" ne. Sa'an nan mu kan ce Audu ya tafi, watau ga suna ga kuma "ya" a bayansa. Wanda ya kwashe wannan ya rubuta "Audu he went" ya ɗora wa jaki kaya biyu. "Audu went" ya isa.

Na huɗu, lokaci. A Hausa fi'ili yana nan yadda ya ke, abin da ke gabansa ne ke sakewa: ya tafi, yana tafiya, zai tafi. A Ingilishi fi'ilin da kansa ke sake kama, "go", "went", "gone", waɗannan kuwa ba su da magani sai hadda. Inda aka fi faɗuwa shi ne, "ya zo" ɗaya tamu ta tsaya matsayin biyu nasu, "he came" da "he has come". Ga ƙa'ida: in an ambaci lokacin da ya riga ya wuce, kamar jiya ko bara ko wata shekara, ba a sa "has" ko "have". An gama madatsar ruwa ta Challawa, wadda ke ƙasar Karaye, cikin 1992. Sai mu rubuta "they completed the dam in 1992", ba "they have completed" ba.

Na biyar, kalma ɗaya mai aiki da yawa, nan ne kuwa haɗari ya fi girma. Mu kan ci tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci kokawa, Bature kuwa yana da "eat" da "pass" da "win". Mu kan ji magana, mu ji sanyi, mu ji wari, shi kuwa "hear" da "feel" da "smell". Mu kan sha magani ko da ƙwaya ce, shi "take" ya ke cewa. Dubi kuma aro. Hausa ta lura da abin da za a mayar, ta raba aro da rance: in fartanya ce aro ne, in hatsi ne ko kuɗi rance ne. Ingilishi bai kula da wannan ba, abin da ya kula da shi wa ya bayar, wa ya karɓa. Mai bayarwa "lend" ya yi, mai karɓa "borrow".

A ƙaddara wani manomi a Rogo ya ranta wa maƙwabcinsa masara buhu biyu, ya zo mu rubuta masa shaida, mu kuwa muka rubuta da sunansa "I borrowed him two bags of maize". Ran da gardama ta tashi aka kai takardar gaban wanda bai san maganar ba, yana ganin "borrowed" sai ya zaci manomin ne ya karɓa. Ke nan da alƙalaminmu mun mai da mai bin bashi wanda a ke bi, alhakinsa kuwa yana wuyanmu. "I lent him" ya kamata mu rubuta.

Kada waɗannan su karya mana zuciya, don magabatanmu sun bi ta nan sun fita. An buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shige ta cikin 1928, ya fita cikin 1933, ya koma Bauci aikin malanta kamar yadda mu ma za mu koma garuruwanmu. Shi ne kuwa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Amurka cikin 1960, ya yi jawabi da Ingilishi da sunan Nijeriya. Malam Abubakar Imam ma ɗan kwalejin nan ne, sanin Ingilishi kuwa bai rage masa Hausa ba, shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya cikin 1939.

Saboda haka ga shawararmu. Mu riƙa gajarta jimla, magana ɗaya cikin jimla ɗaya. In mun gama rubutu, mu karanta shi da ƙarfi, mu bi wuraren nan biyar ɗaya bayan ɗaya kamar yadda manomi ke bin kunya yana cire ciyawa. Kalmar da mu ke shakka mu duba ƙamus, tun 1934 Bargery ya buga nasa na Hausa da Ingilishi, bayansa kuma an yi waɗansu. In ba ƙamus kusa, mu tambayi wanda ya fi mu, matambayi ba ya ɓata. Yaran da za a danƙa mana kuma mu gyara musu tun suna aji na ƙasa, don icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya sa mu dace, amin.